Luwi Biray, yaron da ya buɗe ma makafi ƙofar karatu

Yara, kun sha jin manya suna cewa bayan wuya sai daɗi. Wasu ma suna ganin mutum ba ya zama wani abu a duniya sai ya sha wahala tukuna. Ko haka ne? Yau za mu karanta labarin wani mutumen ƙasar Faransa wanda ya makance tun yana ƙarami, ya kuma bar ma duniya abin da ba a mance shi. Sunanshi Luwi Biray. Da faransanci ana rubuta sunan haka: Louis Braille. Ku karanta a hankali, in mun kai ƙarshe sai mu koma ma tambayarmu.

1. Ɗan baduku

An haifi Luwi ran 4 ga watan Janairu na shekara ta 1809, a wani ƙauye mai suna Kubire. Ƙauyen yana gabas da birnin Pari, tsakaninsu wajen kilomita 40. Ubanshi baduku ne, yana ɗinkin kayan dawaki: linzami, da ragama, da majanyi, da sauransu. Su huɗu ne wurin iyayensu, Luwi shi ne auta.

Luwi yana son zama kusa da ubanshi a rumfar aiki. Yana kallon yadda ake yanka fata, a huda ta, a ɗinke. Wata rana, yana da shekara 3, uban ya ɗan fita. Yaro ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙarafan aiki, zai gwada abin da ya ga ana yi. Ƙarfen ya kuɓuce mishi, ya soke shi a ido.

Aka yi magani iyakar abin da aka sani a zamanin, amma ido ya rura. Sannu a hankali ciwon ya kama ɗayan idon. Kafin Luwi ya cika shekara 5 ba ya ganin komi, ko hasken rana.

A wannan zamani, ɗan talaka in ya makance a Faransa, abin da ke jiranshi yawanci bara ne. Ba a sa makaho makaranta, ba a koya mishi sana'a. Amma iyayen Luwi ba su ajiye shi a ƙuryar ɗaki ba. Suka bar shi yana yawo cikin gida da cikin gari da ƴar sandarshi, har ya san hanyoyin ƙauyen. Ya koyi gane mutane da muryarsu, ya koyi gane abubuwa da hannu.

Limamin cocin ƙauyen, wani mai suna Paliwi, ya lura yaron yana da kai. Ya riƙa kiranshi yana koya mishi abubuwa da baki. Daga baya ya roƙi malamin makarantar ƙauyen ya karɓe shi tare da yara masu ido. Luwi ya zauna cikin aji. Ba ya ganin allo, ba ya iya rubutu, amma abin da malam ya faɗa duka yana riƙe shi da ka. Da limamin ya ga haka, sai ya nema mishi wuri a makarantar makafi ta birnin Pari.

2. Makarantar Pari

Ga yadda aka yi makarantar ta samu. A shekara ta 1771 wani mutum mai suna Balantan Awi ya je wata kasuwar biki a Pari. Nan ya tarar an tara makafi, an sa musu huluna na ban dariya da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa, jama'a suna ta yi musu dariya. Abin ya ɓata mishi rai ƙwarai. Shi mai ido ne, lafiyarshi lau, amma ya ƙudura sai ya koya ma makafi karatu. A shekara ta 1784 ya fara da wani saurayi makaho mai bara a ƙofar coci. Daga nan makarantar ta tashi.

Luwi ya shiga wannan makaranta cikin watan Fabrairu na 1819, yana da shekara 10. Ya rabu da uwa da uba, ya zo birnin da bai san kowa ba. Ginin makarantar tsoho ne, ga sanyi, ga laima, ga cunkoso. Yara da yawa suna fama da tari. Duk da haka Luwi ya yi ƙoƙari. Ya yi fice a lissafi, da nahawu, da labarin ƙasa. Ya koyi kiɗa da wani irin babban goge na Turawa, ya kuma koyi kaɗa org, wato babban abin kiɗan nan na cikin coci.

Abin da ya fi damunshi shi ne littattafai. Awi ya yi dabarar buga haruffan boko manya manya a takarda mai kauri, su yi tudu, yadda makaho zai shafa da yatsa. Dabarar ta taimaka, amma tana da matsala uku. Ta farko, haruffan suna cin wuri, littafi ɗaya ya zama ƙato mai nauyi, ga tsada, don haka littattafan makarantar kaɗan ne. Ta biyu, sai yatsa ya zagaye harafi kafin a gane shi. Kafin yaro ya kai ƙarshen jimla ya kusa mance farkonta. Ta uku, makaho ba ya iya rubuta irin waɗannan haruffa da kanshi. Ba shi da halin rubuta darasi, balle wasiƙa.

3. Ɗigo shida

A shekara ta 1821 aka kawo ma makarantar wata sabuwar dabara. Wanda ya ƙago ta wani tsohon hafsan soja ne mai suna Sharl Barbiye. Shi bai yi aiki da siffar haruffa ba. Ɗigo ya yi aiki da shi. Ana huda takarda mai kauri da ɗan ƙarfe, ɗigo ya fito ta baya kamar ƙwayar gero. Yara suka ji daɗin abin, don yatsa ya fi saurin jin ɗigo bisa layi mai lanƙwasa. Ban da haka, ga shi suna iya rubutawa da kansu.

Amma rubutun Barbiye ma yana da nashi aibi. Kowace alama tana iya kai ɗigo 12, jeri biyu, shida shida. Ta yi ma kan yatsa tsawo, sai an ja yatsa sama da ƙasa kafin a gane ta. Kuma sautin magana yake rubutawa, bai kula da ƙa'idar rubutun faransanci ba. Babu aya, babu waƙafi, babu lambobin lissafi.

Luwi yana da shekara 12 a lokacin. Ya sa ma ranshi sai ya gyara wannan rubutu. Da rana yana aji. Da dare, in ƴan'uwanshi sun yi barci, sai ya ɗauko takarda da ɗan ƙarfenshi mai kama da basilla, ya yi ta huje-huje. In an yi hutu ya koma Kubire, aikin ke nan. Ya gwada wannan, ya watsar, ya gwada waccan. Shekara uku yana haka. A shekara ta 1824, yana da shekara 15, ya samo abin da yake nema.

Ga dabarar. Kowane harafi yana da gida ɗaya. Cikin gidan akwai gurbi shida: uku a hagu, uku a dama. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3. Na dama su ne 4, 5, 6. Gidan ƙarami ne, kan yatsa yana rufe shi gaba ɗaya. Harafin a ɗigo ɗaya ne, a gurbi na 1. Harafin b ɗigo biyu ne, a gurbi na 1 da na 2. Harafin c ɗigo biyu ne, a gurbi na 1 da na 4. Haruffa goma na farko, daga a zuwa j, gurabu huɗu na sama kaɗai suke aiki da su. In aka ƙara musu ɗigo na 3, sai a samu goma na biye, daga k zuwa t. In aka sa wata alama ta musamman gaban haruffan goma na farko, sai su zama lambobi. Da gurbin nan shida ana iya shirya alama 63 dabam dabam. Sun isa a rubuta haruffa, da aya, da lissafi, har da alamomin kiɗa.

Mai rubutu yana huda takarda daga dama zuwa hagu. In ya gama sai ya juya ta, ya karanta daga hagu zuwa dama.

Me ya sa yaro ɗan shekara 15 ya gano abin da manya ba su gano ba? Awi da Barbiye masu ido ne, da ido suke auna rubutu. Luwi kuwa da yatsa yake aunawa. Ya san abin da yatsa ke iya ji a taɓawa ɗaya.

4. Malam Luwi

Shugaban makarantar na lokacin, Dokta Pinye, ya goyi bayanshi, ya bar yara su yi aiki da sabon rubutun. A shekara ta 1828 aka ɗauki Luwi aikin koyarwa a makarantar. A 1829 ya fid da littafin da ya bayyana dabararshi, cikinshi kuma ya ambaci Barbiye, bai ɓoye cewa daga wurinshi tunanin ɗigo ya fito ba. A 1837 ya sake fid da littafin bayan ya yi mishi gyara. Cikin wannan shekara makarantar ta buga tarihin Faransa da sabon rubutun.

Luwi yana son aikinshi, ɗalibai ma suna son shi. Yana kaɗa org a manyan coci-coci na Pari, mutane suna yaba kiɗan. Yana da abokai, yana taimakonsu da ɗan albashinshi. In hutu ya zo ya tafi Kubire wurin danginshi. A 1839 ya sake ƙago wata hanya ta shirya ɗigo su yi siffar haruffan boko, don makaho ya iya rubuta ma mai ido wasiƙa.

Amma wahala ba ta ƙare ba. Tun yana da wajen shekara 26 tarin fuka ya kama shi. A zamanin ba a san abin da ke kawo wannan ciwo ba. Sai a 1882 wani likitan ƙasar Jamus, Robat Kok, ya gano ƙwayar cutar. Maganinta kuwa sai bayan 1940 aka samu. Luwi ya yi ta fama, yau sauƙi, gobe kwanciya.

A 1840 aka canza shugaban makarantar. Sabon shugaban, mai suna Difo, bai yarda da rubutun ɗigo ba. Malamai masu ido da yawa suna ganin ya kamata makaho ya yi aiki da haruffan da mai ido ke iya karantawa. Difo ya hana rubutun Luwi cikin makarantar. Ɗalibai kuwa ba su bari ba. Suka ci gaba da rubutu a ɓoye, manya suna koya ma ƙanana. Da Difo ya ga ba a iya raba su da abin, kuma mataimakinshi ya ba shi shawara, sai ya sake ra'ayi.

Makarantar ta tashi daga tsohon gini ta koma sabo. Ranar bikin buɗewa, cikin watan Fabrairu na 1844, aka gwada rubutun gaban taron jama'a. Aka yi ma wani ɗalibi shifta, ya rubuta. Aka kira wani wanda ba ya cikin ɗakin lokacin shiftar, ya shafa takarda, ya karanta daidai. Jama'a suka yi ta tafi.

Ciwo ya ci gaba da cin ƙarfin Luwi, har ya rage koyarwa. Ya rasu ran 6 ga watan Janairu na 1852, kwana biyu bayan ya cika shekara 43. Aka kai gawarshi Kubire aka rufe. Ban da makafi da malamansu, mutane kaɗan ne suka san sunanshi a lokacin.

5. Bayan rasuwarshi

A 1854, shekara biyu bayan rasuwarshi, hukuma ta amince da rubutun a makarantar Pari. A 1878 aka yi babban taro a Pari, wakilan ƙasashen Turai suka zaɓi rubutun Biray don makarantun makafi. Daga nan ya bazu cikin duniya. Yau ana rubuta faransanci da shi, da larabci, da ingilishi, da sinanci, har da hausa. Da shi makafi ke karatu har jami'a.

A 1952, shekara 100 bayan rasuwarshi, aka ɗauke gawarshi aka kai Panteyon, wurin da Faransa ke rufe manyan mutanenta. Amma aka bar ƙasusuwan hannuwanshi a Kubire, bisa roƙon mutanen garin. Gidan da aka haife shi ya zama gidan tarihi. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 4 ga watan Janairu ta zama ranar rubutun Biray ta duniya.

6. Mu koma ma tambayarmu

To, yara, wahala ce ta mai da Luwi Biray babban mutum? Mu duba da kyau, don wahalar da ya sha ba iri ɗaya ba ce.

Akwai makanta. Ba shi ya zaɓe ta ba, faɗo mishi ta yi. Gaskiya ne ta koya mishi abin da masu ido ba su sani ba. Amma ku tuna akwai makafi da yawa a Faransa a zamaninshi, kuma yawancinsu cikin bara suka ƙare kwanansu. Da makanta ce ke yin mutum, da dukansu sun zama kamar Luwi. Abin da ya samu su ba su samu ba shi ne iyayen da ba su fid da rai gare shi ba, da limamin da ya lura da shi, da malamin da ya ba shi wurin zama cikin aji, da makarantar Awi, da ɗigon Barbiye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai tarin fuka. Wannan bai ƙara mishi komi ba. Ya hana shi aiki, ya katse mishi kwana yana da shekara 43. Da yana da lafiya, da ya ƙara abin da ya yi. Yau ana warkar da wannan ciwo da magani na wata shida, kuma ba mai hankalin da zai ƙi shan magani don yana son ya zama babban mutum.

Akwai kuma wahalar aiki, ta shekara ukun nan da ya yi yana huda takarda da dare. Wannan shi ya ɗora ma kanshi, don yana da abin da yake nema. Irin ta manomi ce a gona, ko ta ɗalibi gaban darasi mai wuya. Ita ce ta haifi ɗigo shida.

Ku duba Balantan Awi kuma. Bai makance ba. Wulaƙancin da aka yi ma wasu ya gani, ya kasa haƙuri, ya ba da rayuwarshi ga gyaran abin. Ashe ba dole ne sai masifa ta faɗa ma mutum kafin rayuwarshi ta yi amfani ba. Wanda wahala ta sama, ya yi haƙuri, ya nemi abin da zai iya yi, kamar Luwi. Wanda ke da lafiya, ya gode, ya kama aiki, ya kuma duba ko akwai yaro a unguwarsu wanda ke zaune gida don ba ya gani ko ba ya ji. Wataƙila wurin zama cikin aji kaɗai ya rasa.

Ma'anar kalmomi

Baduku: mai sana'ar fata.
Basilla: babbar allura ta ɗinkin fata.
Auta: ƙaramin ɗa a wurin iyaye.
Laima: danshin da ke kama ɗaki ko ƙasa.
Gurbi: ɗan rami ko wurin da ake sa abu, kamar na dara.
Shifta: malam ya faɗa, ɗalibi ya rubuta.
Tarin fuka: ciwon huhu mai sa doguwar tari da rama, ana ɗaukarshi ta iska.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Luwi Biray? A wane gari?
2. Yaya aka yi ya makance?
3. Ku faɗi matsala uku ta littattafan Balantan Awi.
4. Ɗigo nawa ne a rubutun Barbiye? Nawa ne a na Luwi?
5. Don me Difo ya hana rubutun? Me ɗalibai suka yi?
6. Ku lissafa mutanen da suka taimaki Luwi, da abin da kowannensu ya yi mishi.
7. Wace wahala ce ta amfani Luwi, wace ce ba ta amfane shi ba? Ku ba da dalili.

Lissafi

Luwi ya shiga makarantar Pari a 1819, ya rasu a 1852. Shekara nawa ke tsakani? Shekara nawa ke tsakanin rasuwarshi da taron 1878?

Aiki

Ku fita fili biyu biyu. Ku haƙa gurbi shida a ƙasa, uku a hagu, uku a dama. Ɗaya ya rufe ido da ƙyalle. Ɗayan ya sa tsakuwa cikin gurabu, ya shirya a, ko b, ko c. Mai rufaffen ido ya shafa ya faɗi harafin. Bayan sau biyar ku yi musaya. In kun koma aji, kowa ya rubuta jimla biyar bisa abin da ya ji lokacin da idonshi ke rufe.